Babi na Bakwai: Tela da Matarsa Za Su Bankok

Kowa ya buɗe littafin rubutunsa, ya fere fensiri. A wannan babi za mu bi wani tela ɗan Indiya mazaunin birnin Kolkata, shi da matarsa. Sun daɗe suna tara kuɗi don su je yawon buɗe ido na kwana uku a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, su dawo babu bashin kowa a wuyansu. Telan na misali ne, don darasi muka kawo shi, amma garuruwan da dokokin na gaske ne.

Na zaɓi ɗan Indiya ne saboda fasfon Indiya da lambobi zalla yake rubuta kwanan wata, babu sunan wata a ciki, kuma a nan na fi ganin manya masu hankali suna tuntuɓe. Dokar biza da za ku gani a ƙasa ta mai fasfon Indiya ce. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi biza kafin ya je Tailan, kada wani ya tashi daga aji ya ce Malam ya ce a tafi.

Darasi na ɗaya: Wane gari, wane wata

Mai ƙaramin ƙarfi gari na kusa yake zaɓa, domin kuɗin jirgi ne ke cinye kaso mafi tsoka na guzuri. Daga Kolkata zuwa Bankok tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a jirgin sama. Daga Delhi kuwa ta kai awa huɗu. Ga kuma sauƙin shiga: a watan Nuwamba 2023 Tailan ta ɗauke wa 'yan Indiya masu yawon buɗe ido neman biza, a watan Yuli 2024 ta ƙara musu wa'adin zama zuwa kwana 60. Gwamnati kan sake irin wannan doka duk lokacin da ta ga dama, don haka telanmu zai duba shafin ofishin jakadancin Tailan kafin ya biya ko sisi.

Sai wata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Bankok tana da sanyi-sanyi, baƙi sun cika gari, komai ya yi tsada. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ana bikin sabuwar shekararsu, Songkran, masauki na wuya. A Kolkata kuma wajen Satumba ko Oktoba ake bikin Durga Puja, lokacin da tela ba ya ɗaga kai daga keke, kuma kowa na neman tikiti. Saboda haka ya zaɓi Yuli. Damina ce a can, sai a riƙe lema, amma ɗaki ya fi araha.

Ku rubuta wannan a saman shafi: ranar sauka a Bankok, 01/07/2027.

Darasi na biyu: Kwanan watan da ke cikin fasfo

Ku natsu, wannan shi ne darasin. Ko sauran sun shige muku duhu, wannan kada ya shige.

Fasfon Indiya na talakawa mai bango shuɗi ne mai duhu. Na babba yana aiki shekara 10, na yaro shekara 5. A shafin da ke da hoto akwai kwanan wata har uku: ranar haihuwa, ranar da aka bayar, da ranar da zai mutu. Ba sai ka iya Hindi ko Turanci ba kafin ka rarrabe su. Dubi shekarun. Wanda shekararsa ta fi girma, shi ne ranar mutuwar fasfo.

Yanzu yadda ake karantawa. Na tela an rubuta 05/03/2029. Akwai gida uku, sanda ta raba su. Gidan farko daga hagu, rana. Gidan tsakiya, wata. Gidan ƙarshe, shekara. Ku faɗa da baki: rana, wata, shekara. A sake. Rana, wata, shekara.

Ɗora yatsa a kan gidan tsakiya. Me ka gani? 03. Sifilin gaba ba komai ba ne, cike gurbi yake yi, uku ke nan. Wata na uku: Janairu, Fabrairu, Maris. To fasfon tela zai mutu ran 5 ga Maris 2029. Wanda ya ce 3 ga Mayu ya juya gidajen, ya ɗauki na farko a matsayin wata. Ba abin kunya ba ne, kusan kowa da haka ya fara. Goge, sa yatsa a tsakiya, sake karantawa.

Koma kan ranar saukarsu, 01/07/2027. Yatsa a tsakiya. 07, wata na bakwai, Yuli. Ranar 1 ga Yuli 2027, Alhamis ce. Ba 7 ga Janairu ba.

To ga dokar da ta sa muke wannan wahala. Tailan tana son fasfon baƙo ya kasance da sauran aƙalla wata shida a gaba daga ranar da ya sauka. In bai kai ba, tun a filin jirgin Kolkata ma'aikatan kamfani za su iya hana shi hawa, ga tikiti a hannu, ga jaka a ɗaure. Fasfon bai mutu ba, amma don wannan tafiya daidai yake da matacce.

Za mu ƙirga wata shida da yatsu. Buɗe hannu. Watan da za ka sauka ba a lanƙwasa masa yatsa. Na sake faɗa: Yuli ba ya cikin ƙirga, domin a cikinsa kake tsaye. Daga na gabansa ake farawa.

Agusta, ɗaya. Satumba, biyu. Oktoba, uku. Nuwamba, huɗu. Disamba, biyar. Hannu ɗaya ya ƙare, ɗauko ɗayan. Janairu, shida.

Mun tsallaka Disamba, shekara ta juya. Ba Janairun 2027 ba ne, na 2028 ne. Rubuta: 01/01/2028. Dole fasfo ya rayu ya wuce wannan rana. Na tela sai 2029, ya haye lafiya.

Ga na matarsa: 20/12/2027. Yatsa a tsakiya, 12, Disamba. Ga wata dabara: watanni 12 ne kacal a shekara, don haka duk lambar da ta haura 12, kamar 20 ɗin nan, rana ce, ba za ta taɓa zama wata ba. Nata zai mutu ran 20 ga Disamba 2027. Shin ya kai 1 ga Janairu 2028? Bai kai ba, saura kwana 12.

A ajinmu na yamma akwai wata Inna mai sayar da ƙuli-ƙuli, lissafin kuɗi ba a cutarta ko na kwabo. Da na ba su wannan aiki, ta miƙe da murna ta ce fasfon matar ya yi. Na ce, Inna, nuna mini da hannu. Ta ɗaga hannu, ta lanƙwasa ƙaramin yatsa ta ce "Yuli, ɗaya." Sai yatsa na shida ya faɗa kan Disamba, 20 ga wata kuwa ta wuce 1 ga wata, ta ga komai daidai. Na kama ƙaramin yatsan nan na miƙar da shi, na ce mata, ranar da aka haifi jariri ana cewa ya yi wata ɗaya? Ta yi shiru, ta sake ƙirgawa daga Agusta, ta ce, "Ashe baiwar Allah za ta kwana a gida." Tun ranar ba ta sake kuskurewa ba. Ku ma za ku iya.

Abin da matar za ta yi shi ne ta sabunta fasfo a ofishin da suke kira Passport Seva Kendra, tun kafin a sayi tikiti. An daɗe ana biyan rupi 1,500, kuɗin Indiya, na mai shafi 36. Akwai layin gaggawa mai suna Tatkal, amma da ƙarin kuɗi, kuma wanda ya duba fasfonsa da wuri ba ya buƙatarsa.

Aikin aji. Kada a duba na kusa.

(a) Karanta da baki: 08/02/2028.
(b) Karanta da baki: 02/08/2028.
(c) Mutum zai sauka ran 15/09/2027. Ƙirga wata shida, rubuta ranar.
(d) Fasfonsa zai mutu ran 20/02/2028. Zai tafi ko ba zai tafi ba?

Wanda ya sami Fabrairu a (c), ya dubi hannunsa, kuskurensa shi ne ya lanƙwasa wa Satumba yatsa. Amsar ita ce 15 ga Maris 2028, kuma mutumin ba zai tafi ba.

Darasi na uku: Tikiti

Sai fasfo biyu sun haye ake maganar tikiti. Na ga wasunku a jarrabawar gwaji sun fara da tikiti saboda sun ga araha. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Mutum da furfurarsa a ce masa duba fasfo tukuna, ya ce ai ya duba bara. Tikitin araha galibi ba a mayar da kuɗinsa, in ka yi kuskure kai ka jiyo.

Suna a tikiti ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Ajiye fasfon a buɗe a gefe, kwafa, sannan ka bi da bakin fensiri kana dubawa. A sayi zuwa da dawowa tare, domin jami'in shige da fice na iya tambayar tikitin komawa da shaidar masauki da kuɗin guzuri.

Dubi kwanan watan tikiti kamar yadda muka koya. Zuwa 01/07/2027, dawowa 04/07/2027. Yatsa a tsakiya, duka biyu 07. In ka ga 07/04, tsaya, wannan 7 ga Afrilu ne a rubutun Indiya.

Jirage da yawa a wannan hanya tsakar dare suke tashi. In tikiti ya ce 01:30 ran 1 ga Yuli, ƙarfe ɗaya da rabi ne na dare, kuma a lissafin boko rana tana sakewa ne da sha biyun dare. Ke nan ran Laraba 30 ga Yuni da dare za su bar gida. Wanda ya jira Alhamis da dare zai tarar jirgi ya riga ya tafi. Agogon Bankok kuma yana gaba da na Indiya da awa ɗaya da rabi, lokacin sauka da ke tikiti na Bankok ne.

Kamfanonin araha irin su IndiGo da AirAsia kilo 7 suke bari na jakar hannu. A duba ko kuɗin babbar jaka na cikin farashin kafin a biya. Tun 1 ga Mayu 2025 kuma kowane baƙo sai ya cike katin shiga Tailan ta intanet cikin kwana uku kafin sauka. Kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a rufe shi. A katin ma akwai gurbin kwanan wata, a karanta abin da aka rubuta a kan kowane gida kafin a cike.

Darasi na huɗu: Kuɗi

Kuɗin Indiya rupi, na Tailan bat. Canji na hawa yana sauka. A aji za mu ɗauka bat 1 rupi 3 ne, don gara ka lissafa da tsada ka sami ragi.

Jirgin ƙasa daga filin jirgin Suvarnabhumi zuwa tashar Phaya Thai a cikin gari bat 45 ne. Mutum biyu, 90. Sau uku, rupi 270. Shiga Babbar Fadar Sarki bat 500 ne ga baƙo. Mutum biyu, 1,000, wato rupi 3,000. Tela zai yanke shawara tun a gida ko fadar na cikin ƙarfinsa.

Na'urar cire kuɗi a can tana cajin katin waje sama da bat 200 duk cirewa ɗaya, don haka a cira sau ɗaya. A ware kuɗin komawa filin jirgi a ambulan dabam, kada a taɓa.

Darasi na biyar: Masauki

A kama ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa. Dare uku ne: Alhamis, Juma'a, Asabar. Dare ake ƙirgawa, ba wuni ba. A nemi otal ya ba da adireshinsa da rubutun Tailan don nuna wa direba.

In kun ga rasit da shekara 2570 kada ku firgita. Kalandarsu ta addinin Buddha tana gaba da ta Miladiyya da shekara 543, 2027 ke nan.

Darasi na shida: Yawo da abinci

Jirgin ruwa na haya a kogin Chao Phraya yana da araha, yana bi ta kusa da Wat Pho da Wat Arun, wuraren ibada na addinin Buddha. In za a shiga, a sa tufafin da ya rufe kafaɗa da gwiwa. Unguwar Pahurat ta Indiyawa ce, kasuwar yadi ce kuma, tela zai so ta, akwai abincin gida ga wanda ba ya cin nama. Musulmi ya nemi Masallacin Haroon a Bang Rak. Kasuwar Chatuchak tana ci Asabar da Lahadi.

Darasi na bakwai: Komawa

A duba tikiti a ga wane filin jirgi ne, domin biyu ne a Bankok, Suvarnabhumi da Don Mueang, kuma ba kusa suke ba. A isa awa uku kafin tashi.

Aikin gida: kowa ya nemo takarda uku masu kwanan wata, ko kwalin magani, ko rasit, ko katin asibiti, ya rubuta sunan watan a ƙarƙashin lambar. Sannan ya ƙirga wata shida daga 25/11/2027 ya zo da amsa ran Litinin. Zan sa kowa ya nuna mini da yatsunsa.