Idan Tsohuwar A-kori-kura Ta Ƙi Yin Kik

Idan ka murɗa makulli injin bai juya ba, fara da kunna fitilun gaba, domin idan suka dusashe yayin da kake murɗawa, laifin na batir ne ko na kawunansa. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Sau da yawa farin garin nan da ke taruwa a kan batir, haɗe da ƙurar hunturun Kano, shi ne ke tare wuta. Kwance wayar ƙasa tukuna, wato ta kan batir mai alamar ɗebewa (−), ka kankare garin da burushin ƙarfe, sannan ka ɗaure tamau. Idan fitilu suna haske sosai amma ƙara ɗaya kawai ka ji, laifin na sitata ne, wato na'urar da ke juya injin ya tashi, kuma ina ganin gara rewaya ya duba ta kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen wata.