Idan an yi wa yarinya fyaɗe: abin da za a yi kafin kwana uku su cika

Asibiti ake fara zuwa, kafin gidan mai unguwa, kuma ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, kuma kwana 28 ake yi ana sha ba fashi. Ƙwayar hana ɗaukar ciki takan yi amfani har kwana biyar, amma ƙarfinta raguwa yake kullum. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, kuma kyauta suke duba mutum.

Kafin a tafi, kada a yi mata wanka, kada a zaunar da ita cikin ruwan ɗumi da gishiri. Iyaye mata don tausayi suke yin hakan, amma ruwan nan yana tafiya da shaidar da likita zai ɗauka. Tufafin da ke jikinta, har da ɗan kamfai, kada a wanke su. A sa kowanne daban a ambulan ko jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi, sai fumfuna ta lalata su. In ma an riga an yi wankan, a je dai, magani yana nan. A tabbatar likita ya rubuta rahoto ya sa hannu da kwanan wata.

Daga nan sai caji ofis. A nemi a rubuta bayaninta a keɓe, a karanta mata kafin ta sa hannu, sannan a karɓi suna da lambar wayar ɗan sandan da ke binciken. Fayil zai wuce sashen binciken manyan laifuka na jiha, daga can zuwa ma'aikatar shari'a. Lauyan gwamnati ne ke gabatar da ƙara, ba dole ba ne iyali su ɗauki nasu. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna taimakawa wajen bin sawu idan fayil ya kwanta.

Za a zo da maganar sulhu, a ce a rufa asiri, wani lokaci har da kuɗi a hannu. Fyaɗe ba ya cikin laifukan da dangi ke da ikon yafewa a madadin hukuma, kuma da zarar iyali sun daina zuwa kotu, shari'a takan mutu don rashin shaida. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, da ke aiki a Abuja da jihohin da suka yi irin tasu, ta ba wadda aka zalunta haƙƙin magani da taimakon lauya, kuma ta umarci kotu ta yanke mata diyya. Lauya na iya roƙon alƙali a saurari shaidarta ba a bainar jama'a ba, musamman in ƙarama ce.