Kafin ka kashe kuɗin zuwa Legas

Mai son karatun kimiyyar teku, fara daga bakin Kogin Neja a Yawuri.

Ka je da sassafe da rula da waya. Gaida Sarkin Ruwa tukuna, in ba haka ba masunta ba za su saurare ka ba. Ɗora kifi kan rula, ɗauki hoto, rubuta rana da irin kifin: karfasa, tarwaɗa ko giwan ruwa.

Awon tsawon kifi iri ɗaya ne a Kogin Neja da teku. Wata 6 kana yi, ka samu abin nuna wa cibiyar binciken teku ta Legas, ba takardar digiri kaɗai ba.

Amma gishirin ruwa da hawa da saukar teku, waɗannan kam sai ka je.