Yadda za ka more tafiyar jirgin ƙasa a gaɓar tekun Cumbria

Ka tashi daga Carlisle, ka kama kujerar dama kusa da taga. Layin yana bin gaɓar teku a arewa maso yammacin Ingila har Barrow-in-Furness, kimanin mil 85, tafiyar wajen awa biyu da rabi a jirgin kamfanin Northern. Kafin Maryport gonaki ne kawai. Daga nan ruwa ke bayyana, a kusa da Parton kuma jirgin yana rage gudu sosai, tsauni a hagu, igiyar ruwa a dama. Ranar da gari ya washe ana hango tsibirin Man.

Ni dai siginoni ne ke kai ni. A wurare da dama na layin har yanzu akwai tsohon sigina mai hannu, wato dogon sanda da falle a samansa, wanda ma'aikaci ke ɗagawa ta hanyar jan liba daga ɗakinsa, waya ta ja fallen. Ka koyi karanta shi tun kafin ka hau. Jan falle mai farin zane, in ya miƙe a kwance, direba ya tsaya. In ya karkata sama, hanya a buɗe take. Rawaya mai baki kamar wutsiyar kifi gargaɗi ne: in yana kwance, direba ya shirya tsayawa a gaba. Da dare fitila ce ke haskowa ta gilashi mai launi.

Daga cikin jirgi ba ka ganin motsin fallen da kyau, don haka ka sauka a St Bees ka jira jirgi na gaba. Ɗakin siginar tashar na 1891 ne, kusa da inda mota ke tsallaka layi. Ka tsaya a bakin dandamali ka kasa kunne, za ka ji ƙarar waya kafin fallen ya ɗaga.

Wasu ƙananan tashoshi, kamar Braystones da Nethertown, jirgi ba ya tsayawa sai an nema. Ka gaya wa kwandasta da wuri, in kuma hawa za ka yi, ka ɗaga wa direba hannu. A Ravenglass akwai ɗan ƙaramin jirgi mai tururi da ke shiga kwarin Eskdale, mil 7.

Ka duba jadawali da safiyar ranar, don guguwa da gyaran layi kan sa a maye gurbin jirgi da bas, ran Lahadi kuma jiragen ba su da yawa.