Kurakuran da ake yi da zambo wajen tattauna Littafi Mai Tsarki

Da zarar sabon mai koyar da Littafi Mai Tsarki ya gano cewa annabi Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a kan Dutsen Karmel, sai ka ga kamar an ba shi izinin da ya daɗe yana jira. Daga ranar, duk wanda ya saɓa masa a kan fassarar wata aya ya zama annabin Ba'al, shi kuwa ya zama Iliya. Na gaji da ganin wannan a azuzuwan nazari da wuraren muhawara, kuma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne kurakuran ba sa sakewa, kowane sabon zuwa yakan ɗauke su daidai inda na gabansa ya ajiye.

Kuskuren da ya fi sauƙin gyarawa shi ne na masu cewa zambo ba shi da wuri ko kaɗan a bakin mai bi. Wanda ya faɗi haka bai karanta littafin da yake karewa ba. A 1 Sarakuna 18:27 Iliya ya ce wa annabawan Ba'al 450 su ɗaga murya, wataƙila allahnsu ya yi tafiya ko barci ya ɗauke shi. Amos ya kira matan masu hali na Samariya shanun Bashan, Ayuba ya ce wa abokansa lalle su ne mutane, kuma in sun mutu hikima za ta bi su kabari, Bulus kuwa ya roƙi Korintiyawa su yafe masa laifin da ya yi na ƙin zama musu nauyi. Maganin wannan kuskure karatu ne kawai, ba zan tsaya a kansa ba.

Inda ɓarna take shi ne rashin duba wanda aka harba wa kibiyar. A bi misalan nan ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa duk wanda aka yi wa gatse a nassi mai iko ne, ko malami ne da ya san gaskiya ya juya mata baya, ko jama'a ce da ta cika da alfahari. Annabawan Ba'al suna da goyon bayan fadar Ahab da Yezebel. Matan da Amos ya kwatanta da shanu, a cikin ayar ce ya faɗi laifinsu, wato danne matalauta da murƙushe masu bukata. Hirudus da Yesu ya kira yanyawa a Luka 13:32 mai mulki ne da aka ce yana neman kashe shi. Su kuma masu yin gatsen sun biya kuɗinsa da jikinsu: Mikaiya, wanda ya ce wa Ahab ya tafi yaƙi zai yi nasara da irin muryar da ta sa sarkin ya gane nan take cewa shaguɓe ne, ya ƙare a kurkuku da ɗan abinci da ɗan ruwa, Amaziya firist na Betel ya kori Amos, Iliya kuwa 1 Sarakuna 19 ta nuna shi yana gudun ceton rai. To, wanda yake tsaye a gaban aji, littafi a hannu, kowa yana kiransa malam, me zai same shi idan ya sa aka yi wa mai tambaya dariya? Babu abin da zai same shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna masa cewa ba a wurin Iliya yake tsaye ba.

Wannan kuskure ya taɓa cinye mini aji. Na bar wa wani matashi mai ƙwazo ajin nazari na manya yayin da ake cikin Littafin Farawa, sai wata dattijuwa da ba ta daɗe da koyon karatu ba ta ɗaga hannu ta tambaya inda Kayinu ya samo mata, tun da an ce shi da Habila ne 'ya'yan Adamu. Matashin ya yi murmushi ya ce, "Mama, sai dai mu aika a tambayo shi." Aji ya fashe da dariya, ita ma ta ɗan yi, ta rufe littafinta, ta sa yatsa a tsakanin shafukan kamar mai niyyar sake buɗewa, amma ba ta buɗe ba har aka tashi. Ba ta sake zuwa ba, waɗanda suke rako ta ma suka daina, sauran da suka rage kuwa suka koyi darasin da ba a yi niyyar koya musu ba, wato kada su yi tambaya. Da na je gaishe ta, abin da ta ce mini shi ne, "Malam, tambaya na yi. In ba a tambaya a wurin, ai da sai a faɗa mana tun farko." Abin haushin, amsar tana nan a shafi na gaba, domin Farawa 5:4 ta ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya mata da maza. Minti biyu sun isa a nuna mata ayar. Matashin bai san da ayar ba, sai ya rufe rashin saninsa da barkwanci, kuma a ganina wannan shi ne asalin yawancin zambon da ake yi wa masu tambaya.

Ku masu yin haka, ku duba yadda Ubangiji ya yi da waɗanda suka zo da tambaya ko shakka. Toma ya ce ba zai gaskata ba sai ya gani, aka nuna masa hannuwa da kwiɓi. Nikodimu ya tambaya ko tsoho zai iya komawa cikin uwarsa, tambayar da ta fi ta dattijuwar nan saurin jawo dariya, kuma ko da yake Yesu ya ɗan taɓa shi da cewa malami ne a Isra'ila amma bai san waɗannan abubuwa ba, bai bar shi a nan ba, ya ci gaba da yi masa bayani mai tsawo, a cikin surar da muke da Yahaya 3:16. Romawa 14:1 ta ce a karɓi mai rarraunar bangaskiya ba tare da gardama a kan ra'ayoyinsa ba. Ban san yadda mutum zai karanta wannan sannan ya mayar da rarraunan abin nishaɗin aji ba. Ɗabi'ata yanzu ita ce, duk wanda zan ba shi aji nakan faɗa masa tun ranar farko cewa idan tambaya ta fi ƙarfinsa ya ce bai sani ba, zai bincika ya dawo, kuma idan aji ya yi wa mai tambaya dariya, shi ya riƙe fuskarsa, ya maimaita tambayar da babbar murya yadda kowa zai ji cewa ta cancanci amsa.

Babban kuskure na biyu shi ne yi wa ra'ayi zambo kafin a fahimce shi. Ana yawan ganin wannan tsakanin ɗariku. Wani zai tashi ya ce masu yi wa jarirai baftisma wanka kawai suke yi musu, jama'arsa su yi dariya, alhali bai taɓa zama ya duba abin da suke kafa hujja da shi ba, kamar baftismar gidan Lidiya da gidan mai tsaron kurkuku a Ayyukan Manzanni 16, ko dangantakar kaciya da baftisma a Kolosiyawa 2:11-12. Na wancan ɓangare shi ma zai ce masu nitsarwa a ruwa suna tsammani zurfin kogi ne yake ceto, bai kula da cewa hujjarsu tana kan tuba da bangaskiya kafin baftisma ba, kamar yadda suke karanta Ayyukan Manzanni 2:38 da labarin baban Habasha, wato ma'ajin sarauniyar ƙasar, a sura ta 8. Duka biyun sun yi zambo ga abin da ba wanda ya faɗa. Wanda aka yi wa kuwa yakan tafi da tabbacin cewa abokin gardamarsa ko jahili ne ko maƙaryaci, kuma daga nan ko ka zo masa da hujja mai kyau ba zai saurara ba.

Zambon nassi ba haka yake ba, domin yana fitowa ne daga sani na kusa. A karanta Ishaya 44 a hankali. Annabin ya san aikin maƙeri da garwashinsa da gudumarsa, ya san masassaƙi yana miƙa igiyar awo yana zana siffa, ya san irin itatuwan da ake zaɓa. Bayan ya jera waɗannan duka ne ya nuna mutumin yana ƙona rabin gungumen, ya gasa nama ya ci, ya ji ɗumi, sauran rabin kuma ya durƙusa masa yana roƙon ceto. Bai ƙara wa mai gunkin ko kalma ɗaya ba, aikinsa ya bayyana yadda yake, abin dariyar ya fito da kansa. Haka ma maganar tace sauro da haɗiye raƙumi a Matiyu 23:24. Littafin Firistoci sura ta 11 ta haramta cin raƙumi, ta kuma haramta yawancin ƙwari masu fikafikai, saboda haka mai tsananin kiyaye doka zai tace abin shansa da gaske don kada ya haɗiyi ƙwaro. A ayar da ta gabata Yesu ya ambaci ganyayen da suke fitar wa zakka da sunayensu, har ya ce bai kamata a bar wannan ba, laifinsu shi ne sun yi watsi da adalci da jinƙai da aminci. Mai maganar ya san koyarwar mutanen ciki da waje, ya kuma ba su gaskiyarsu inda suke da ita. Ko a tarihin ikilisiya, lokacin da marubuci Blaise Pascal ya rubuta wasiƙunsa na zambo a kan wasu malaman Jesuit, wata ƙungiya ta cocin Katolika, a Faransa a 1656 da 1657, yakan kawo kalmominsu daga littattafansu, kuma a wasiƙa ta 11, inda ya kare halaccin yi wa kuskure dariya, ya gindaya wa kansa sharuɗɗa, ciki har da faɗin gaskiya, da rashin taɓa abubuwa masu tsarki, da fatan ceton wanda ake suka.

Abin da nake yi, ba kuma na ce dole kowa ya bi ba, shi ne kafin in yi wa wata koyarwa shaguɓe nakan rubuta ta da kalmomina, in kai wa wani da yake riƙe da ita, in tambaye shi ko haka yake gaskatawa. Sai ya ce i sannan in ci gaba. Sau da yawa a wannan mataki barkwancin yake mutuwa, domin yakan zama dama a kan rashin fahimta ya tsaya. Idan ya tsira, nakan cire shi daga rubutun in sake karantawa, in ga ko hujjar za ta tsaya ba shi. Idan ba za ta tsaya ba, to ba ni da hujja tukuna, sai in koma ga nassi.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Kada a yi raha da gicciye, ko Jibin Ubangiji, ko sunan Allah, domin sojojin da suka sa wa Yesu kambin ƙaya ma ba'a suke yi. Kada a yi zambo da jikin mutum, ko in'inarsa, ko yadda yake furta sunayen Ibraniyawa. Labarin samarin Betel da suka yi wa sanƙon annabi Elisha ba'a a 2 Sarakuna 2 ya isa gargaɗi. A rubuce, gatse yakan rasa muryar da take nuna cewa gatse ne, don haka wani zai ɗauke shi a kan gaske ya yaɗa shi da sunanka. Mabiya wani addini kuwa, 1 Bitrus 3:15 ta riga ta faɗi yadda za a amsa musu, da tawali'u da ladabi. Wanda kuma ya soki ɗan'uwansa sannan ya ce wasa yake yi, Karin Magana 26:18-19 ta kwatanta shi da mahaukaci mai harba kibau masu wuta. Akwai kuma masu kafa hujja da Galatiyawa 5:12, maganar da ta fi kowace zafi a wasiƙun Bulus, suna mantawa cewa aya ɗaya ce a cikin surori shida na hujja, kuma shi ne ya rubuta a 2 Timoti 2:24-25 cewa bawan Ubangiji kada ya zama mai husuma, sai dai mai gyara masu hamayya da tawali'u.

Ɗaya ya rage wanda ba zan iya wucewa da layi ɗaya ba, wato habaici daga kan bagadi. Mai wa'azi ya samu saɓani da wani dattijon ikilisiya a taron kwamiti, ranar Lahadi sai ya zaɓi Matiyu 23, ya yi ta gugar zana a kan makafin jagora, kowa a cikin majami'a ya san da wa ake, mutumin yana zaune ba shi da damar amsawa. Wannan ragonci ne da aka lulluɓe da nassi. Yesu ya faɗi kalmomin nan a fili a cikin Haikali, ya kira malaman Attaura da Farisiyawa da sunan ƙungiyarsu, kwanaki kaɗan kafin a gicciye shi, ya kuma ƙare surar da makoki a kan Urushalima, yana cewa sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta. Bulus ma, bayan ya yi wa Korintiyawa gatse cewa sun riga sun ƙoshi, sun yi arziki, sun zama sarakuna, ayoyi kaɗan a gaba ya ce ba don ya kunyatar da su ya rubuta ba, gargaɗi yake yi musu a matsayin 'ya'yansa ƙaunatattu. Mai habaicin bagadi yakan ɗauki rabin farko ya bar na biyu. Idan ina da magana da wani, tsarin Matiyu 18:15 nake bi, in same shi daga ni sai shi, kuma idan nassin da aka tsara wa makon ya yi kusa da rigimarmu har jama'a za su iya haɗa su, nakan roƙi wani ya yi wa'azin ranar, ko in ɗage nassin zuwa bayan an sasanta.