Yadda Ake Nazarin Hotunan Katin Tarot na Gargajiya

Wanda ya saba da Whot a majalisar yamma a Agege ko Idi-Araba, in aka miƙa masa kunshin tarot, nauyinsa ne zai fara ba shi mamaki. Kati 78 ne, dogaye, kusan santimita 7 a faɗi da 12 a tsawo. Guda 56 sun kasu gida huɗu kamar karta: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sanduna. Kowane gida yana da lamba 1 zuwa 10, sai mutanen fada huɗu, wato sarki, sarauniya, barde da yaron fada. Ragowar 22 su ne manyan katuna, kowanne da hotonsa, kuma a kansu yawancin aikin yake.

A bambance aya da tsakuwa tun yanzu. Wannan bayani na karatun hoto ne da tarihinsa, irin wanda ɗalibin zane ko mai son tarihi yake yi. Ba na duba ba ne. Gaibu sai Allah, hukuncin duba kuwa sananne ne a wurin malamai. Shi kansa katin ba don duba aka ƙirƙire shi ba: kayan wasa ne na fadojin arewacin Italiya, ambatonsa na farko a rubuce yana wajajen 1440, kuma sai bayan fiye da shekara 300 masu duba a Faransa suka ɗauke shi. Har gobe ana buga shi a matsayin karta a Faransa da Ostiriya.

Gidajen nan huɗu ma ba Turawa suka ƙago su ba. Karta ta shiga Turai a wajajen 1370 daga Masar ta zamanin sarakunan Mamalik. Akwai kunshin nasu a fadar Topkapi da ke Santambul, babu hoton mutum a jikinsa, sai ado da rubutun Larabci, gidajensa kuwa kofuna ne, dirhami, takubba da sandunan ƙwallon dawaki, irin waɗanda ake gani a hannun mahaya a filin folo na Ikoyi. Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba, sai suka mayar da sandan kulki kawai.

Kunshi ɗaya, ba biyu ba

Kunshin gargajiya da ake samu cikin sauƙi iri biyu ne. Na farko salon birnin Marsei na Faransa, wanda a intanet za ka neme shi da sunan Tarot de Marseille. Fitaccen bugunsa shi ne na Nicolas Conver na 1760. Na biyu shi ne na Landan na 1909, wanda Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite, kamfanin Rider ya buga. Mai son tsohuwar ma'anar hoto ya fara da na Marsei. Na Landan ya fi daɗin kallo, amma an ɗora masa alamun ƙungiyar asiri ta Golden Dawn wadda aka kafa a 1888, kuma sabon shiga ba zai iya raba na asali da na ƙari ba.

Kada ka gauraya bayaninsu a watannin farko. Ko lambarsu ba ɗaya ba ce. A na Marsei Adalci ne na 8, Ƙarfin Hali na 11. A na Landan an musanya su. Wanda yake karanta bayanin wancan yana kallon wannan zai rikice tun bai yi nisa ba.

In ka saya ta intanet, ƙirga katunan a gaban mai kawowa. Jabu ya yi yawa: ƙanana ne, layukan zanen sun dushe, wani lokaci kati ɗaya ya zo sau biyu wani kuma babu. In kuwa bugawa za ka yi da kanka, unguwar maɗaba'u ta Shomolu na nan. Ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sa hotunan tsofaffin bugu a shafinsa na Gallica. Ka tabbata kowane hoto bai gaza fiksel 830 a faɗi da 1420 a tsawo ba, ka nemi kwali mai nauyin giram 300. Takardar A3 tana ɗaukar kati 12, ke nan takarda 7 ta isa. Ka ce wa mai injin kada ya ja hoton don ya cika gurbi, domin fuskoki za su kumbura, kuma leda marar sheƙi zai sa, don mai sheƙi tana ɓoye siraran layuka a ƙarƙashin fitila.

Abu ɗaya kuma: a wasu katunan, kamar Tauraruwa, Duniya da Shaiɗan, akwai zanen mutane ba tufafi. Mai yara a ɗaki ya san inda zai ajiye.

Yadda ake zama da kati ɗaya

Kayan aiki littafin rubutu ne mai shafi 80, fensir, da hasken rana a bakin taga. Fitilar caji haskenta yana da shuɗi-shuɗi, tana canza launi. Ka ba kowane babban kati kwana biyu da shafi biyu. Cikin kwana 44 ka zagaye su.

Ranar farko ido ne kawai. Minti biyar kana kallo, hannunka bai taɓa fensir ba. Sannan ka rubuta abin da ke wurin kamar mai ba da shaida a gaban alƙali: mutum nawa, me ke hannun dama, me ke hagu, ina yake kallo, a tsaye yake ko a zaune, me ke ƙarƙashin ƙafarsa. Duk abin da yake ƙirguwa ka ƙirga. Kada kalmar «yana nufin» ta shiga wannan shafi. Daga nan ka kwaikwayi zanen, ko da ba ka iya zane ba, domin hannu yana tona abin da ido ya tsallake.

Rana ta biyu ka yi tambaya ɗaya: mutumin Milan na 1450, in ya ga wannan hoto, me zai ce ya gani? Sai ka nemo katin a kunshin Visconti-Sforza, wanda aka zana da hannu don gidan sarautar Milan a wajajen wannan shekara, ka jera shi da naka da na Landan a fuskar waya. Abin da ya zauna a duka ukun shi ne ƙashin bayan hoton. Abin da ya fito a na ƙarshe kaɗai, ƙari ne.

Ɗauki kati na 10, Juyin Rabo. A na Marsei wili ne mai mariƙi a gefe, dabbobi uku a jikinsa: ɗaya na hawa, ɗaya na sama da kambi da takobi, ɗaya na gangarowa kai ƙasa. A na Milan mutane ne, mace mai ɗaure da ido tana tsakiya, kuma kowanne da maganarsa da Latin: mai hawa yana cewa zan yi mulki, na sama ina mulki, mai saukowa na yi mulki, tsohon da ke rarrafe a ƙasa kuma ba ni da mulki. Na saman har da kunnen jaki aka yi masa. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yanzu ka duba na Landan: haruffan Ibrananci a jikin wilin, maciji, wata halitta mai kan dila irin ta gumakan Masar, halittu huɗu masu fukafukai suna karatu a kusurwoyi. Mutanen da ke hawa da sauka sun ɓace. Wanda ya fara da wannan zai kwashe mako yana bin haruffa, bai ga maganar mulki da faɗuwa ba sam.

Ratayayye, na 12, ya fi wannan ma. Mutum ne a rataye da ƙafa ɗaya, kai ƙasa, ɗaya ƙafar a lanƙwashe, hannuwa a baya, tsakanin itatuwa biyu da aka sassare wa rassa, kututture shida a kowanne. Littattafan zamani za su ce maka sadaukarwa ce da haƙuri, saboda a bugun 1909 an zagaye kansa da haske, fuskarsa a natse. Amma a biranen Italiya haka ake zana maci amana a jikin bango don a kunyata shi a idon gari, kuma a wani tsohon kunshi har jakunkunan kuɗi biyu yake riƙe da su. Ka rubuta ma'anonin biyu, kowace da zamaninta a gefe. Tsoho mai fitila na 9 shi ma haka: a na Milan agogon yashi ne a hannunsa, domin shi ne Zamani. Fitila daga baya ta zo.

Bayan ka gama guda 22, ka shimfiɗa su. Cire Wawa gefe, don a na Marsei ba shi da lamba, ka jera sauran bi da bi a kan tebur ko tabarma. Za ka ga sun tafi hawa-hawa. Daga 1 zuwa 5 muƙaman mutane ne, daga ɗan dabo mai tebur a kasuwa har Fafaroma. Daga 6 zuwa 14 abubuwan da ke cin mutum komai muƙaminsa: so, nasara, juyin rabo, tsufa, mutuwa, da kyawawan halaye a tsakaninsu. Daga nan sai Shaiɗan, Hasumiya, Tauraruwa, Wata, Rana, busa ƙaho da tashin matattu, sai Duniya. A wasan, na gaba yana cin na baya, kuma wannan shi ne ma'anar jerin. Sai dai kada ka ɗauki lambobin kamar saukakku: a birnin Bolonya na Italiya mala'ika mai ƙaho ne a ƙololuwa, ba Duniya ba.

Lambobin Rumawa a nan tarawa ake yi: 4 shi ne IIII, 9 kuma VIIII. Ba kuskuren bugu ba ne. Kati na 13 kuma da gangan aka bar shi ba suna.

Inda ake tuntuɓe

Babban rami shi ne labarin Fir'auna. A 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, wanda ya taɓa ganin ana wasan, ya rubuta cewa ai littafin hikimar tsohuwar Masar ne. Ya faɗi haka shekara 41 kafin masanin Faransa Champollion ya fara warware rubutun Masarawan dā a 1822, kuma da aka karanta rubutun ba a sami tarot a ciki ba. Danganta katuna 22 da haruffan Ibrananci 22 kuma marubucin Faransa Éliphas Lévi ne ya yaɗa shi a shekarun 1850. Waɗannan duka tarihi ne da ya kamata ka sani, musamman in za ka koma kan na Landan, amma ka san shekarunsu. Abin dariyar shi ne akwai Masar a labarin da gaske, sai dai ta Mamalik ce, ba ta dala ba.

Na biyu launi. Katin Marsei da sassaƙaƙƙen katako ake buga layukansa, a shafa launi ta cikin kwali mai huji, launuka kaɗan. Kowane maɗaba'i da abin da ya samu. Rigar da take ja a wannan bugu tana iya zama shuɗiya a wancan, kuma bugun kamfanin Grimaud na 1930, wanda ya fi yawo a kasuwa, ya sauya launukan Conver. Katako kuma yana tsufa, layi ya karye, mai kwafa ya cike gurbin da abin da ya zata. Don haka kafin ka gina magana a kan ɗigo ko launi, ka ga ko yana nan a bugu biyu aƙalla.

Na uku haddar kalmomi: wannan «sa'a», wancan «baƙin ciki». Wanda ya haddace ya daina kallo.

Ƙananan katuna ba sa bukatar kwana bibbiyu. Mako ɗaya ya ishi kowane gida: jera 1 zuwa 10 a layi, ka bi yadda siffar take cika, yadda ganye da fure suke raguwa yayin da wuri yake ƙurewa. A na Marsei babu labari a jikinsu, uku na takubba takubba uku ne kawai. Zuciyar da aka soke da takubba cikin ruwan sama a na Landan take. Sabon shiga yakan rikita takubba da sanduna. Takubba lanƙwasassu ne, suna haɗuwa sama da ƙasa kamar ƙwai, in lambar mara ce sai miƙaƙƙe ɗaya ya ratsa tsakiya. Sanduna miƙaƙƙu ne, a tsakiya suke giciye. Ka duba biyu na tsabar kuɗi da kyau, a kan ƙyallen da ya naɗe su ake rubuta sunan maɗaba'i, sau da yawa har da shekara.

Sai maganar Legas da danshinta. Daga Afrilu zuwa Yuli kwali yana shan ruwan iska, ya lanƙwashe, katuna su manne, baƙin ɗigon fumfuna ya fito a gefe. Ka sa su cikin roba mai murfi tare da ƙunshi biyu ko uku na ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, nesa da bango da ƙasa. Kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, zafi yana narkar da ita ta bar tabo. Wanda ya lanƙwashe a sa shi tsakanin farar takarda, a danne da littattafai masu nauyi kwana biyu. Rana da dutsen guga ɓata shi suke yi. Hannun da ya taɓa tsire ko manja kuma sai an wanke.

In kwana 44 sun cika, ka gwada kanka. Kife manyan katunan, zaro ɗaya, duba lambarsa kaɗai ka mayar, ka zana shi da ka, sannan ka buɗe ka gwama. Fuska da abin hannu ba sa ɓacewa. Ƙafafu ne da inda ido yake kallo suke tafiya. Kusan kowa yakan ba teburin ɗan dabo ƙafa huɗu, alhali uku ake gani, ta huɗun tana wajen iyakar katin.