Gyaran famfo mai ɗiga ba sai ka kira filamba ba

Jama'a in famfon gidanku yana ɗiga, fara rufe makunnin da ke gindin tanki tukuna, sannan ka buɗe famfon sauran ruwan ya tsiyaye. Ɗauko sifana ka kwance kan, za ka ga wata 'yar baƙar roba zagayayya a ciki, yawanci ita ce ta cinye, musamman mu da ke shan ruwan burtsatse yashi ne ke cinta. Ka tafi kasuwa da tsohuwar robar, ko Wudil ko Gumel, a gwada maka daidai ita, don ƙiyasin ido yaudara ne wallahi. In ta wajen zaren yake yoyo, wato inda ake murɗa famfon a jikin bututu, naɗa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo ta ɓangaren da kake ɗaurewa, amma kar ka matse da ƙarfin tsiya, bututun roba ne zai tsage.